Barkonon tsohuwa, harsashin roba da motar ruwan zafi: wai da gaske ba sa kisa?

A watan Satumba na 2003 jam'iyyar ANPP ta kira gangami a Kano, lokacin ana tsaka da rigimar zaɓen da Buhari ya ce an murɗe masa, 'yan sanda suka ce ai ba su ba da izini ba, suka buɗe wa taron barkonon tsohuwa. Cikin waɗanda suka shaƙi hayaƙin nan har da Chuba Okadigbo, tsohon shugaban majalisar dattawa wanda ya tsaya wa Buhari mataimaki a zaɓen shekarar. Ko kwana uku ba a cika ba numfashi ya gagare shi, ranar 25 ga wata ya rasu a Abuja, mutanensa suka ce hayaƙin ne sanadi, kuma har yau in aka tada zancen haka jama'a da yawa ke gani.

Na faro daga nan ne saboda duk sanda aka yi zanga-zanga aka tarwatsa ta sai ka ji kakakin 'yan sanda ya fito yana cewa "ai mafi ƙarancin ƙarfi muka yi amfani da shi, tiyagas ne kawai", kamar wanda ya yayyafa wa mutane turare. To gaskiya ne an ƙera kayan nan ne dan a kori mutum ba tare da an kashe shi ba, amma kowanne cikinsu da sharaɗinsa ya zo: daga wace tazara za a harba, ina za a saita, an yi gargaɗi ko ba a yi ba, sannan babban sharaɗin da ya fi kowanne, shin an bar wa mutanen hanyar gudu? Da zarar an karya sharaɗin, shikenan, sunan "ba ya kisa" ya tashi aiki. Shi ya sa ma Majalisar Ɗinkin Duniya a jagorar da ta fitar a 2020 ba ta yarda ta kira su marasa kisa ba, cewa ta yi kisansu bai kai na bindiga ba, iyakarta kenan.

Mu fara da barkonon tsohuwar. Sunan da Bahaushe ya raɗa masa ya burge ni wallahi, dan duk wanda ya yi ƙuruciya a unguwa ko makarantar kwana ya san wasan nan na ƙunsa dakakken barkono a auduga ko tsumma a ɗora garwashi a jefa ɗakin mutane, kowa ya fito yana tari yana atishawa yana tsine wa wanda ya yi. Na 'yan sanda ma kusan dabarar kenan, sai dai sinadarin daban ne. Wanda aka fi amfani da shi a duniya sunansa CS, haruffan farko ne na sunayen wasu masana biyu 'yan Amurka, Ben Corson da Roger Stoughton, da suka haɗa shi a 1928. Kuma abun da mutane da yawa ba su sani ba, ba iskar gas ba ce kamar ta girki, gari ne, hoda ce mai laushi, ana zuba ta a gwangwani tare da abun da zai kama da wuta, zafin wutar shi ke tashin hodar ta bi iska ta zama farin hayaƙin da kake gani. Shi ya sa take maƙale wa riga da gashi da labule, ka koma gida ka rungumi ɗanka shi ma ya kama kuka, kuma shi ya sa gwangwanin ke ƙona hannun samarin da ke ɗauka su mayar wa 'yan sanda. Akwai kuma na fesawa a fuska da ake kira OC, wannan kam barkonon gaske ne aka tatso yajinsa, kaga Bahaushe bai yi ƙarya ba.

Aikinsa a jiki shi ne ya tsokano jijiyoyin da ke kai saƙon raɗaɗi, musamman inda ke da danshi, ido da hanci da maƙogwaro da fatar da ta yi gumi. Cikin 'yan daƙiƙu ido ya rufe da kansa ko ba ka so, majina da yawu su ɓalle, ƙirji ya ɗaure ka ji kamar an zauna maka a kai. Ga mai lafiya da ke fili kuma ya samu ya gudu, minti 15 zuwa 30 abun ya lafa. Amma hayaƙi ai ba ya tantance wa ya zo zanga-zanga wa ya zo cefane, mai asma da tsoho da jaririn da ke goye da mai ciwon zuciya duk su ma shaƙa za su yi, kuma su ne abun ke kayarwa. Ni kaina sau ɗaya na taɓa cin rabona, ban ma san me ake yi ba, na fito daga shagon gyaran waya ne kawai iska ta kwaso shi daga babban titi, kuma abun da ya fi tsaya mini ba raɗaɗin idon ba ne, ruɗewar ce, baka gani baka iya numfashi kowa na bangazar kowa. In Allah ya haɗa ka da shi, ka nufi inda iska ke fitowa ba inda take tafiya ba, ka hau tudu in akwai dan hodar ƙasa-ƙasa take sauka, kar ka murza ido, ka wanke da ruwa mai yawa, ka cire kayan ka wanke su su kaɗai. Zancen shafa kalanzir a fuska da ɗalibai suka gada kaka da kakanni kuwa, dan Allah a bari, kana shafa abun da ke kama da wuta a wajen da gwangwani ke tartsatsi.

Ga wani abun mamaki kuma. Yarjejeniyar hana makamai masu guba ta 1993, wadda ta fara aiki a 1997 kuma Najeriya da Nijar duk suna ciki, ta haramta amfani da tiyagas a matsayin makamin yaƙi, amma ta bar wa gwamnatoci damar amfani da shi a kan mutanensu a cikin gida. Wato sojan abokan gaba ba a yarda ka watsa masa ba, ɗalibin jami'arku kuwa bismilla. Akwai dalili dai, ba wai hauka ba ne: a fagen yaƙi in ka ga hayaƙi ya taso ba ka da lokacin tantance na sa hawaye ne ko na kisa, sai kai ma ka rama da wanda ya fi muni, kuma haka ta faru a yaƙin duniya na ɗaya, Faransawa suka fara da mai sa hawaye a 1914, kafin 1915 ta ƙare an koma kan gas mai kashe mutane. Duk da haka in ka tsaya ka yi tunani abun da ɗaure kai.

Amma fa hayaƙin ba shi ne rabin hatsarin ba ma. Gwangwanin kansa ƙarfe ne, kuma da bindiga mai faɗin baki ake cilla shi, yawanci milimita 38 ko 40. Ƙa'ida ita ce a ɗaga bakin bindigar sama, gwangwanin ya yi baka ya faɗo kusa da taro. In ɗan sanda ya miƙe bakin ya saita mutum kai tsaye daga kusa, to harsashi ya harba, ƙaton harsashi ma. A Istanbul a watan Yunin 2013 wani yaro ɗan shekara 14, Berkin Elvan, an aike shi sayen burodi gwangwani ya same shi a ka, kwana 269 ya yi bai farfaɗo ba sannan ya cika. A Chile a Nuwamban 2019 Fabiola Campillai tana hanyarta ta zuwa aikin dare aka dirka mata shi a fuska, ta rasa idanu biyu da jin ƙamshi da ɗanɗano, daga baya a 2021 mutanen Santiyago suka zaɓe ta sanata. Na Iraƙi shi ya fi tashin hankali, a zanga-zangar Oktoban 2019 a Bagadaza jami'an tsaro sun riƙa harba wasu gurneti irin na soja da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan adam ta Amnesty ta ce nauyinsu ya kai ninki goma na wanda aka saba, suna fasa ƙoƙon kan mutum su shige ciki suna ta hayaƙi.

Yanzu ga inda nake so a tsaya da kyau. Shi tiyagas amfaninsa ɗaya ne tak, ya sa mutum ya bar waje. In babu wajen da zai koma to me ka yi kenan? Ranar 9 ga Mayun 2001 a filin wasa na Akra, Hearts of Oak ta zura wa Asante Kotoko ƙwallo biyu ana dab da tashi, magoya bayan Kotoko suka fusata suka fara ɓalle kujerun roba suna jifa cikin fili, 'yan sanda suka harba tiyagas cikin 'yan kallo, dubban mutane suka kwaso a guje zuwa matattakala, suka tarar ƙofofi a rufe. Mutum 126 suka mutu, yawanci danne su aka yi numfashi ya ƙare, kuma da yawa daga cikinsu samarin zango ne na unguwanni irin su Nima. An gurfanar da manyan 'yan sanda shida, kotu ta sallame su. Kujerun roba fa ake karewa. Bayan shekara 21 aka maimaita irinsa sak a filin Kanjuruhan na Indunusiya ranar 1 ga Oktoban 2022, mutum 135 suka mutu, alhali dokokin FIFA ƙarara sun hana shiga da gas ɗin tarwatsa taro cikin filin ƙwallo. A Masar cikin Agustan 2013 aka cusa fursunoni 45 a motar 'yan sanda a ƙofar kurkukun Abu Zaabal ana tsananin zafi, aka jefa musu tiyagas a ciki, 37 ba su fito da rai ba. A Yamai ranar 15 ga Maris 2020 ana tarwatsa masu zanga-zanga kan badaƙalar kuɗin sayen makamai wuta ta kama a kasuwar Tagabati, masu kare haƙƙin ɗan adam suka ce gwangwanin tiyagas ne ya faɗa kan rumfuna, aƙalla mutum uku suka rasa ransu. Ka duba lungunan cikin birnin Kano ko Zariya ko Damagaram, da kasuwanninmu masu rufin leda da katako, sai ka gane me ya sa wannan batun ya shafe mu kai tsaye.

Sai harsashin roba, wanda sunansa kaɗai yaudara ne, mutum zai zaci irin robar danƙo ce ta yara. Asalinsa ma katako ne, Turawan Ingila sun riƙa harba guntayen itace a kan masu bore a Hong Kong lokacin mulkin mallaka, da rikicin Ayalan ta Arewa ya ɓarke sai suka fito da na roba a 1970, daga baya suka koma na filastik. Dabarar farko wai a harba shi a ƙasa ya yi tsalle ya bugi ƙafa, to wa ya isa ya gaya wa abun da ya daki kwalta inda zai nufa? Mutum 17 harsasan nan suka kashe a Ayalan ta Arewa, takwas daga ciki yara. A 2017 wasu likitoci ƙarƙashin Rohini Haar suka tattara rahotannin asibiti daga 1990 zuwa 2017, suka samu mutum 1,984 da irin harsasan nan suka raunata, 53 sun mutu, 300 sun nakasa har abada, mafi yawa ido ne ya tafi. Matsalarsa a ƙirarsa take kuma ba ta gyaruwa: daga kusa ƙarfinsa ya isa ya fasa ƙashi ko ya huda ciki, daga nesa kuma ba ya tafiya saiti, ka auna cinyar mai jifa ya je ya samu idon mai tallan ruwa. Tazarar da yake da saiti kuma ba ya kisa 'yar kaɗan ce, a cikin hargitsi kuwa da mutane ke gudu wa ke da lokacin awo.

Kuma ba duk abun da aka kira roba ne roba ba. Akwai wanda ƙarfe ne a ciki aka lulluɓe da 'yar fatar roba, irin wanda sojan Isra'ila suka daɗe suna harba wa Falasɗinawa. A Chile da masana jami'a suka gwada ƙwayoyin da 'yan sanda ke harbawa a 2019 sai suka tarar kashi 20 cikin 100 ne kawai roba, sauran har da darma, sama da mutum 400 suka ji ciwo a ido a 'yan watannin nan, wani ɗalibi Gustavo Gatica ya makance gaba ɗaya. A Kashmir a 2016 bindigar harbin tsuntsaye ma aka ɗauko, harbi ɗaya ƙwayoyin ƙarfe ɗaruruwa su watsu, asibitocin Srinagar suka cika da samari da yara masu bandeji a ido. Faransa da ake ganin ta ci gaba ita ma lokacin zanga-zangar masu riguna ruwan ɗorawa a 2018 da 2019 mutum sama da ashirin suka rasa ido, wasu gurneti ya cire musu hannu, sai a Janairun 2020 gwamnati ta janye gurnetin. Jagorar Majalisar Ɗinkin Duniya cewa ta yi a saita ƙasan ciki ko ƙafafu, kuma kan mutum guda da ke shirin raunata wani, ba a watsa cikin taro ba.

Motar da muke kira ta ruwan zafi kuwa, asalin makaminta ƙarfin feshin ne. Irin ta Jamus lita 10,000 take ɗauka, kuma in ta same ka daga kusa ɗaga ka take ta maka da ƙasa. Wani manomi ɗan Koriya ta Kudu, Baek Nam-gi, haka ta kayar da shi a Seoul a Nuwamban 2015, kansa ya bugu, bai sake farfaɗowa ba har ya rasu a Satumban 2016. A Stuttgart a 2010 wani dattijo Dietrich Wagner feshin ya same shi a fuska ya kusa makancewa gaba ɗaya, hotonsa jini na zuba daga idanu ya zagaye duniya. Wani lokacin ana zuba sinadarin tiyagas a cikin ruwan, nan ne fata ke raɗaɗi kamar an watsa maka tafasasshe, wani lokacin kuma rini ake zubawa dan a gane ka a kama ka daga baya, shuɗi a Hong Kong a 2019, ruwan hoda a Yuganda da Kenya. Akwai labarin da nake so a nan: a Cape Town a 1989 'yan sandan wariyar launin fata suka fito da mai rini shunayya, wani matashi ya haye motar ya karkatar da bututun ya wanke ofishin jam'iyya mai mulki da shi. Su kuwa Ingilawa, Boris Johnson yana magajin garin Landan ya sayo tsofaffi guda uku daga Jamus a 2014, Theresa May tana ministar cikin gida ta ce ba a ƙasar nan ba, aka kashe musu sama da fam 300,000 ba su taɓa fesa ko cokali ba, a 2018 aka sayar wa 'yan gwangwan a kan fam 11,025.

Kulki da garkuwa da hular kwano su ne tsofaffin hannu, kuma in aka iya aiki da su su suka fi komai sauƙin ɓarna. Sai dai aikinsu na jama'a ne ba na mutum ɗaya ba, sahu ake ja kafaɗa da kafaɗa a tare hanya, ko a yi tsini kamar bakin mashi a raba taro biyu, ko wasu 'yan kaɗan su kutsa da gudu su cafko mutum ɗaya da aka ga yana jifa su dawo bayan sahu. Duk wannan sai da atisaye, sai da kwamanda guda da kowa ke jin muryarsa, ba a fafe gora ranar tafiya. Kulkin ma da inda ake duka, cinya da dantse, ban da kai da wuya da gadon baya. A zanga-zangar taron manyan ƙasashe na G20 a Landan a 2009 wani mai sayar da jarida, Ian Tomlinson, yana hanyar gida hannuwansa a aljihu ɗan sanda ya buga masa kulki ya hankaɗe shi ya faɗi, bayan 'yan mintuna ya mutu, kuma ba dan wani ya ɗauki bidiyo ba da maganar ta tafi a ciwon zuciya. Akwai kuma dabarar da ta saɓa wa duk abun da na faɗa a sama, maimakon a kore ku sai a yi muku zobe a tsare ku waje ɗaya ba shiga ba fita har ku gaji. Ranar ma'aikata ta 2001 a Landan awa bakwai aka tsare mutane haka, har da 'yan wucewa, ba ruwa ba banɗaki, shari'ar ta kai har kotun kare haƙƙin ɗan adam ta Turai wadda a 2012 ta ce a wannan karon dai ba a karya doka ba.

A takarda duk kayan nan jere suke kamar tsani. Matakin farko a ga 'yan sanda tsaye cikin kaki, sai magana da shugabannin taro, sai gargaɗi da lasifika a ba da lokaci, sai sahu da garkuwa, sai kulki, sai ruwa ko hayaƙi, sai roba ga mutum guda mai hatsari, can ƙarshen ƙarshe bindiga, wadda ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya da aka amince da su a Habana a 1990 suka ce ba a taɓa ta sai rai na cikin hatsari nan take. To namu tsanin matakan tsakiya ne suka karye. Ka kalli duk hoton zanga-zanga a ƙasar nan, mutum nawa ka gani da garkuwa, mutum nawa ka gani da AK-47? Wanda ka ba bindiga ita kaɗai ka tura shi gaban yara dubu masu duwatsu, tiyagas ɗinsa gwangwani biyu ne suka ƙare, me kake zaton zai biyo baya? Sai harbi sama, shi kuma harsashin da ya hau sama dole ya sauko, daga nan sai wani ya sauke bakin bindigar. Mopol da aka kafa a farkon shekarun 1960 musamman dan kwantar da tarzoma, har da makarantar horo a Gwoza, yau da yawansu suna gadin banki da riƙe wa matan manya jaka, wasu suna daji suna fafatawa da 'yan bindiga, kusan duk sabon sufeto janar sai ya ce ya janye su daga gidajen manya kuma shiru kake ji. Ba banza ba 'yan kudu suka sa musu "kill and go". Mutanen Bakolori ta wajen Talatar Mafara sun san haka tun Afrilun 1980, manoma ne suka tare hanya kan diyyar gonakin da dam ya cinye, aka turo musu mopol, gwamnati ta faɗi adadi kaɗan mutanen yankin suka ce ɗaruruwa ne. A Mayun 1986 'yan sanda suka shiga jami'ar Ahmadu Bello, hukuma ta ce ɗalibai da sauran waɗanda suka mutu huɗu ne, ɗalibai suka ce sun fi haka. A Yamai ma ranar 9 ga Fabrairun 1990 ɗalibai uku aka harbe a gadar Kennedy. Dokar ma ta bar ƙofa a buɗe, sashe na 33 na kundin tsarin mulkin 1999 da ya ba ka 'yancin rayuwa shi ne kuma ya ce ba a tauye maka shi ba in ka mutu wajen murƙushe tarzoma da ƙarfin da doka ta yarda da shi. An dai gyara umarnin 'yan sanda mai lamba 237 kan amfani da bindiga a 2019, an ƙara tsaurara shi, a takarda.

Kar kuma a ce na ɗora komai a kan ɗan sanda. Shi ma ɗan wani ne, tun asuba yake tsaye cikin rana ba ruwa ba abinci, alawus ɗinsa wani ya danne, dutse kuma in ya samu kai kisa yake. A Yulin 2019 a Abuja wajen muzaharar 'yan Shi'a an rasa mataimakin kwamishinan 'yan sanda Usman Umar, an rasa ɗan bautar ƙasa Precious Owolabi da ke aiki da gidan talabijin na Channels, ban da masu muzaharar da suka mutu. Bayan harbin masu zanga-zangar EndSARS a Lekki ta Legas a Oktoban 2020 an ƙona ofisoshin 'yan sanda an kashe jami'ai da dama. Ranar 1 ga Agustan 2024 a Kano kowa ya ga yadda 'yan daba suka shige cikin zanga-zangar yunwa aka wawushe cibiyar fasaha ta hukumar sadarwa NCC da ko buɗe ta ba a yi ba. Mai shago a bakin titi shi ma yana da haƙƙin a kare masa dukiya, wannan ba abun musu ba ne.

Tambayar ita ce ta yaya za ka cire mutum hamsin daga cikin dubu biyar. Masana halayyar taro irin su Stephen Reicher da Clifford Stott sun daɗe suna nuna cewa taro ba dabba ɗaya ba ce mai kai ɗaya, a ciki akwai mai kwali da mai kallo da mai talla da ɗan jarida da ɓarawo, kuma yawanci masu hankalin ciki su ke tsawata wa marasa hankalin. Amma da ka watsa wa kowa hayaƙi ka mayar da su abu ɗaya, malamin makarantar da ɗazu yake cewa "kai yaro ajiye dutsen nan" yanzu idonsa na zuba shi ma yana neman dutse, masu lalama sun gudu gida an bar fili ga masu zafin kai. An gwada maganar tasu a gasar ƙwallon Turai ta 2004 a Fotugal, 'yan sandan birane suka fito da kaki na yau da kullum suna yawo cikin 'yan kallon Ingila da aka sani da rigima, masu sulke suna ɓoye a lungu ba a ganinsu, aka gama lafiya, inda aka yi ɗauki-ba-daɗi shi ne Albufeira da ke hannun jandarmomi masu tsohon salo. Suwidin ma bayan 'yan sandanta sun harbi mutum uku a Gotenbag a 2001 sai ta kafa 'yan sandan tattaunawa, aikinsu kawai su san masu shirya taro tun kafin ranar, su riƙe lambar juna, in abu ya fara lalacewa a kira a gyara. A wajenmu kuwa abun da aka fi yi shi ne a kama shugabannin tun daren jajibiri, gari ya waye taro ba mai faɗa a ji, sannan a ce ɓata-gari sun ƙwace shi.

Wancan gangamin na Kano bai tafi a banza ba dai. ANPP da wasu jam'iyyu suka kai ƙara, lauya Femi Falana ya tsaya musu, babbar kotun tarayya ta ba su gaskiya a 2005, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a Disambar 2007 cewa ba a buƙatar izinin 'yan sanda kafin a yi taron lumana. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta ƙara da cewa in an sanar da su, aikinsu su ba taron tsaro. Bayan shekara huɗu da wannan dokar aka yi zanga-zangar Agustan 2024, Amnesty ta ƙirga aƙalla mutum 24 da aka kashe a jihohin da suka haɗa da Kano da Jigawa da Katsina da Kaduna da Neja da Borno, ta ce yawancinsu harsashin gaske ne daga kusa, rundunar 'yan sanda ta ƙaryata rahoton ta nemi a janye shi. Yaran da aka kwashe daga Kano da Kaduna kuwa wata uku suka yi a tsare, ranar 1 ga Nuwamba aka kai su kotu a Abuja kan zargin cin amanar ƙasa, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, sai da bidiyon ya karaɗe Facebook da TikTok sannan shugaban ƙasa ya ce a sake su.